Yadda Na Kai Ƙofar Goggo Hadiza Kumasi

Tamale

Ladan bai ko gyara murya ba na fito daga gida da ƙofa a ka. Ƙofa ta gaske, ta katako, har da warin awaki, domin tun rasuwar Goggo Hadiza, ƙanwar babana, yayansu Baba Sule ya mayar da ita murfin garkensa.

Goggo mai zane ce a Zangon Kumasi. Duk sanda matan kasuwa suka fita zanga-zanga, ita ke zana musu allunan da suke ɗagawa. Shekara da shekaru ɗaki ɗaya suka zauna da wata mai kifi, Maame Adwoa, kuma a bayan ƙofar ɗakin Goggo ta zana su biyun a tabarma ɗaya, mayafi ɗaya ya rufe kafaɗunsu. Kowa a danginmu ya san abin da ke tsakaninsu, ba wanda ya taɓa buɗe baki. Da ta rasu aka je kwaso kaya, aka ɓalle har da ƙofar, aka bar tsohuwa da labule. Abin ya daɗe yana ci min rai.

Sai wata ɗaliba, Zulaiha, ta buga min waya tana roƙon ƙofar don baje kolin zanen mata. Baba Sule ya ce, "Aro na ba ki, Rabi. Awakina ba su saba kwana a buɗe ba."

A tasha kwandasta ya dubi zanen ya ce mata biyu ne, kujera biyu zan biya. Na ce sai ya tambaye su ko sun yarda. Ya yi dariya, ya jingina su a bayan direba, suna fuskantar kowa.

Kintampo

Mun tsaya cin soyayyar doya, wata Hajiya ta ce, "Su waye waɗannan?"

"Ya da ƙanwa," na ce.

Ta dubi Goggo, doguwa siririya, ta dubi Maame, gajeriya mai faɗi. "Uwa ɗaya?"

Na cusa doya mai zafi a baki don kada in amsa, na ƙone harshe a banza.

Techiman

A shingen bincike jami'i ya leƙo, na ce maƙwabta ne.

"Maƙwabta da mayafi ɗaya?"

"Sanyi ake yi, ranka ya daɗe."

Hajiyar ta ɗaga murya daga baya: "A Kintampo 'yan uwa ne fa!" Motar ta kwashe da dariya, har jami'in. Ni kuwa zufa ta jiƙa min ɗankwali.

Kumasi

Da la'asar muka sauka a tashar Kejetia. Zulaiha ta tare ni, muka kai ƙofar wani gida a unguwar Ashanti New Town, inda sai wanda aka gayyata ke shiga, saboda yadda ake tsangwamar irin su Goggo da Maame. Ga tsofaffin allunan zanga-zanga a jere, ga murafen akwatuna da zannuwa masu zane. Zulaiha ta ce hannun da ya zana wa mata allon neman haƙƙi a titi, sau da yawa shi ya koma gida ya zana matar da yake so, a inda baƙo ba zai gani ba. Ta tambaye ni me za a rubuta a ƙarƙashin ƙofar. Na ce ni kam na gaji da raɗa musu dangantaka tun Tamale.

Sai ga Maame Adwoa ta shigo tana dogara sanda. Ta tsaya ta daɗe tana kallon ƙofar.

"Ei, Hadiza!" ta ce da Hausarta ta zango, wadda ba ta raba mace da namiji. "Har yanzu bai gyara hancina ba. Na faɗa masa, na faɗa masa, ya ce haka Allah ya yi shi." Ta sunsuna katakon. "Wa ya sa mu kwana da akuya?"

Muka yi dariya har da hawaye. Ita ba ta yi ba. Ta ɗora tafin hannu a fuskar Goggo ta bar shi a nan.

"Maame, me za mu rubuta?" in ji Zulaiha.

"Rubuta Hadiza da Adwoa. Mai ido ya gani."

Zango

A ɗakin Maame na sauka, kullum da safe koko da ƙosai, ta hana ni taɓa jakata. Labulen nan ya koɗe, kajin maƙwabta na shiga suna fita yadda suka ga dama. Ranar da aka tashi baje kolin, na ɗauko ƙofar da niyyar wucewa tasha, na biyo in yi sallama. Ina jingina ta, na ga ramukan ƙusoshi suna nan a jikin dogarin ƙofar ɗakin, ba wanda ya toshe su.

"Na bar su ne," in ji Maame, "ko zai dawo."

Na aika aka kira kafinta.

Gida

Na iso Tamale lafiya da fallen kwanon rufi sabo ƙal a ka, na gode wa Allah da mutanen zango. Baba Sule ya dubi kwanon, ya dube ni.

"Ina ƙofata?"

"Tana ɗakinta, Baba."

Na fara neman hanyar gudu. Can ya ce, "Adwoa tana nan da ranta?"

"Tana nan."

Ya juya fallen kwanon, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa. "To miƙo min guduma."