Ranar da Kaka Ta Ƙi Rufe Ƙofa

Kakata Saratu tana da wata doka da ban taɓa jin wata tsohuwa mai irinta ba: ba ta ƙarasa tatsuniya matuƙar akwai ɗan gida a waje. A lokacin muna zaune a wani gidan haya a Sharada, bayan kamfanonin nan da ƙugin injinsu ba ya ɗaukewa, ɗakuna shida sun kewaye tsakar gida ɗaya. Mu kaɗai ne Kirista a gidan. Babana Yohanna yana aikin yamma a wani kamfanin roba inda ake yin bokiti da buta da kujeru, sai ƙarfe takwas yake tashi. Don haka da an ci tuwo, Kaka takan jawo kujerarta kusa da murhu, ta tura dankali cikin toka, ta ce, "Ga ta nan, ta iso ƙofa." Mu kuma, ni da duk yaran gidan, mu amsa, "A buɗe mata ta shigo." Daga nan sai ta yi ta jan zance har mu ji ƙarar keken Baba a zaure. Sai ya yi sallama ya jingine keken, sannan za ta ce, "Ƙurunƙus, na rufe ƙofa, kowa yana ciki."

Shekarata tara a lokacin, kuma ban da haƙuri ko kaɗan. Idan Baba ya makara, sai ka ga kurar da ta mutu jiya a bakin rijiya yau ta tashi ta tafi kasuwa. In na yi magana sai Kaka ta harare ni ta ce, "Ke Rifkatu, sarkin gardama, ke kika kashe ta ko ni?" Ba ta yi karatu ba, kuma sai da ta haifi Baba sannan ta karɓi bangaskiya a ƙauyenmu can wajen Rano. Addu'arta ma daban take. Ba ta durƙusawa, ba ta rufe ido, tana tsakiyar tankaɗe sai ka ji ta ce, "Ubangiji, ka dai ga Yohanna ya fita ba rigar sanyi. To." Mama, wadda ba ta fashin taron zumuntar mata a coci, takan ce wannan ba addu'a ba ce, kai ƙara ne. Kaka ta ce ai ƙarar ma Ubangiji yana saurara.

Ɗakin da ke jikin namu na Malam Isufu ne, mutumin Gumel, da matarsa Inna Hajara. Inji ɗaya suke riƙewa da Baba, injin niƙa tsohuwar roba da ke can ƙarshen kamfanin, inda mutum yake aiki shi kaɗai da ƙyalle a fuska saboda garin robar. Malam Isufu ke yin safe, Baba ya karɓe shi da rana. In ya tashi yakan wuce wani ɗan lambu da yake nomawa wajen Challawa, sai bayan isha'i ake ganinsa. A kamfanin kowane ma'aikaci yana da 'yar lamba ta ƙarfe. In ka shiga ka rataye ta a jikin wani allo a bakin ƙofa, in za ka fita ka cire. Da wannan allon ake sanin wanda ke ciki da wanda ya yi fashi, kuma a shekarar nan ana ta rage ma'aikata, fashin yini ɗaya ya isa a sallami mutum.

Ranar da nake ba da labari, gab da magariba muka ga hayaƙi baƙi ƙirin ya tashi ta wajen kamfanonin. Kafin a ce wani abu warin roba ya cika gidan. Mama ta fita a guje ko mayafi babu, amma an tare hanya, aka koro ta. Ba ta daɗe da dawowa ba sai ga mai gadin kamfanin ya yi sallama a zaure, wani dattijo da ya san Baba. Ya tsaya yana murza hularsa.

"Maman Rifkatu, sai dai haƙuri," ya ce. "An tara mu a waje an yi kiran suna, kowa ya amsa an miƙa masa lambarsa. Saura ɗaya a rataye. Ta Yohanna ce. Kuma ta ɓangarensa wutar ta fi ƙarfi."

Mama ta zube a wurin. Inna Hajara ce ta tare ta, ta zaunar da ita a tabarma, ta rungume ta tana cewa, "Ki yi shiru, Allah yana nan. Da Malam yana gida da ya je ya dubo miki, to yana lambu." Ni kuwa na tsaya a jikin bango. Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba, kuma na san abin da nake tsoro sarai: kada in sake jin ƙarar keken nan a zaure.

Sai na ga Kaka ta jawo kujerarta kusa da murhu. Ta gyara itace, ta tura dankali cikin toka kamar kullum. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce a zuciyata tsohuwar nan ba ta da tausayi, ɗanta ne fa.

"Ga ta nan, ta iso ƙofa," ta ce.

Babu yaron da ya amsa. Ta sake faɗa. Sai Inna Hajara, hannunta yana bayan Mama, ta ce a hankali, "A buɗe mata ta shigo."

Tatsuniyar kaza ta ɗauko, wadda duk mun san ta. Wata kaza ce mai 'yan tsaki bakwai. Hadari ya taso da yamma, ta buɗe fukafukanta ta kira su, shida suka shige, autan bai zo ba, ya bi fara ya yi nisa. Iska ta taso, ruwa ya fara sauka, 'yan shidan suka ce, Inna ki rufe, sanyi yana shigowa. Kaza ta ce ba ta rufewa. Muzuru ya zo ya tsaya a gefe ya ce mata, ai na ga shaho ya ɗauke shi, rufe ki huta. Ta ce, kai ka gani, ni ban gani ba. Shi kuma autan yana can yana tambayar hanya, ya tambayi kwaɗo, kwaɗo ya tura shi wajen tururuwa, tururuwa ta nuna masa gindin rumbu, ya iso a jiƙe ya shige. Iyakarta ke nan, in a ranar da Baba ya dawo da wuri ne.

Amma ranar nan autan bai iso da wuri ba. Daga wajen tururuwa ya tafi wajen ƙadangare, daga nan wajen bushiya, daga nan wajen wani tsohon jaki da ba ya ji sosai, sai an maimaita masa tambaya sau uku. Duk inda ɗan tsakon ya tsaya, sai Kaka ta ɗaga kai ta dubi hayaƙin da ya rufe sama ta ce, "Ubangiji Yesu, ka dai gan shi. Ni ban san inda yake ba, kai ka sani." Sannan ta koma kan jaki. Muryarta ba ta yi rawa ba, amma na ga tana tona wuta da ice, idonta kuwa ba ya barin zaure. A nan fushina ya tafi. Na matso na zauna a jikin ƙafarta. Mama ma ta daina kuka da ƙarfi, duk lokacin da Kaka ta ɗaga kai sai ta ce amin, Inna Hajara ita ma ta ce amin. Maƙwabta suka cika tsakar gidan, aka kira isha'i wasu suka fita suka dawo, ɗan tsako yana nan yana tambayar hanya. Dankalin ya ƙone a toka babu wanda ya tuna da shi.

Sai muka ji ƙarar keke a zaure.

Baba ne ya shigo yana tura keken, da buhun dawa ɗaure a baya, ya haɗa gumi sharkaf. Mama ta yi wata ƙara ta riƙe rigarsa, ni na maƙale a ƙugunsa, mata suna ta hamdala. Shi kuwa ya tsaya yana kallonmu kamar ya shigo gidan da ba nasa ba. Ashe da rana a bakin kamfani wani ɗan garinmu ya tare shi ya ce an aiko masa da dawa daga ƙauye, motar za ta sauke ta a Na'ibawa, in babu mai karɓa a bakin titi za a bar ta. Motar ta makara, tayar keken ta yi faci saboda nauyi, da ƙafa ya turo shi tun daga can. Ya hango hayaƙin, amma ya ɗauka bola ake ƙonawa.

Na juya wajen Kaka ina dariya ina kuka na ce, "Kaka, ki rufe ƙofa, ya dawo."

Ba ta dube ni ba. Baba take kallo. "Yohanna, in kana Na'ibawa, wa ya rataye lambarka?"

Na ga fuskar Baba ta canja. Ya saki keken ya faɗi da buhun. "Isufu," ya ce. "Na roƙe shi ya riƙe min injin kada a rubuta min fashi. Bai dawo ba?"

Inna Hajara tana tsaye da murmushin da take taya mu murna da shi, sai murmushin ya tsaya a fuskarta. Mijinta ba ya lambu. Tun magariba take rarrashin Mama a kan mutumin da ke cikin wuta, ashe nata ne. Baba ya fita a guje da wasu maza biyu. Mama ta kama Inna Hajara ta zaunar da ita a kan tabarmar nan, a daidai inda ita ta tashi.

Kaka ta gyara itace. "To, auta ya shige," ta ce, "'yan tsaki suka ce yanzu kam sai ki rufe. Kaza ta ce a'a. Kun manta ƙwan zabuwar da aka sa min a cikin ƙwaina? Ɗumi ɗaya kuka sha da shi. Yana waje."

Sau nawa ta ba mu tatsuniyar nan, ba a taɓa yin ɗan zabuwa a cikinta ba. Wannan karon ban yi gardama ba. Ta tura shi wajen kwaɗo, ta tura shi wajen jakin nan marar ji, tana ɗaga kai tana cewa, "Ubangiji, ka dawo min da nawa, na gode. Amma ban tashi ba tukuna. Wannan saboda nawa ya shiga. Ka san sunansa, Isufu."

Ba a yi awa guda ba suka shigo da shi, hannunsa na dama naɗe da ƙyallen fuskarsa, jini ya ɓata shi. Da wutar ta taso ya haura katangar baya, kwalaben da ke kanta suka yanke shi. Maimakon ya zagaya bakin ƙofa inda ake kiran suna, sai ya shige wani ɗan masallaci a bayan katangar ya zauna, yana jiran mutane su watse ya lallaɓa ya cire lambar, don kada a gane an yi musanya a kori Baba.

Inna Hajara ta sa fuskarta cikin mayafi kawai. Kaka ce ta yi magana.

"Malam, aikin da kuke ɓuya don ku kare shi, ba shi ne ke ci da wuta ba?"

Malam Isufu ya sosa ƙeya da hannun mai lafiya. "Wallahi Iya, ban kawo wannan ba."

Wani ya fara dariya, sai duk gidan ya ɗauka, har da Inna Hajara a cikin mayafinta. Ban taɓa jin sanyi a raina irin na wannan dariyar ba. Kaka ta bari aka lafa, ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Ƙurunƙus. Na rufe ƙofa, kowa yana ciki."

Kamfanin ya yi watanni a rufe, babu wanda aka kora domin babu aikin da za a kori mutum daga gare shi. Washegari Baba ya kwance buhun dawar nan ya raba shi biyu, da shi da ganyen lambun Malam Isufu gidajen biyu suka ci har aka sake buɗewa.

Na daɗe ina ɗauka cewa abin da Kaka ta koya mana ranar nan shi ne kada a yanke ƙauna. Wannan ma yana ciki. Amma sai da na girma na gane wurin da ya fi wuya. Shekarun baya ɗana ya kwanta asibiti da zazzaɓi mai tsanani, na yi kwana uku ina addu'a irin ta Kaka, ido buɗe, ina kai ƙara. Ranar da likita ya ce mu tafi gida, na naɗe kayanmu cikin murna, har na kai bakin ƙofa. Sai na waiga na ga matar da ke gadon kusa da namu, wadda ta riƙa ba ni ruwan zafi daga filas ɗinta, tana zaune da 'yarta da ko ido ba ta buɗe ba tukuna. Na ji muryar tsohuwar nan sarai tana cewa ban tashi ba tukuna. Na miƙa wa mijina yaron na ce su yi gaba, na koma na zauna kusa da ita, na tambaye ta sunan yarinyar.