Haƙurin Inna

Shekarar da aka yi sulhu da ɓarayin daji a ƙauyenmu na yankin Bungudu, ina Gusau ina fama da bincikena na digiri na uku. Tambayar da nake bi ita ce: shin jama'a na da ikon yafe jinin mutum a madadin iyalinsa, domin gari ya zauna lafiya? Na yi ta yawo ƙauyukan Tsafe ina jin bakin mutane. Malamina ya ce in bar zuciya a gefe. Ta yaya? Mahaifina a gonarsa ɓarayin dajin suka harbe shi.

Ana dab da shuka, sai ga kawu, ƙanen Inna mahaifiyata, har ofis. Ya ce mutanen dajin sun kafa sharaɗi: duk gidan da aka kashe wa mutum sai ya furta cewa ya yafe, in ba haka ba babu mai fita gona bana. Kowa ya faɗa, saura Inna.

"Ke ce mai ilimin abin nan," in ji shi. "Je ki lallashe ta."

Wallahi raina ya ɓaci. Wai ni za a aika! Amma na san rumbunan garin babu komai a ciki, don haka na tafi.

Na tarar da ita tana tsince wake. Na yi mata bayanin yunwa da haƙƙin rayayyu. Ba ta ɗago kai ba.

"Ɗiyata, ki ce musu na haƙura. Ba ni kai ƙara, ba ni neman ramuwa. Su bar mutane su yi noma."

"Inna, yafiya suke so."

"Ba ni aka kashe ba. In sun iske shi can, su roƙe shi."

Na kai wa kawu maganar yadda take. Ya ce ai duk ɗaya ne. Na ce masa ba ɗaya ba ne, kuma kada ya kuskura ya sauya mata kalma. Haka ya isar wa mutanen dajin, suka karɓa.

An yi noma, har gonar Baba ƙannena suka shuka, dawa ta yi kyau. Inna ta sussuka, ta daka, ta tuƙa mana tuwo. Har ta rasu ba ta kai loma ɗaya ta dawar gonar nan bakinta ba.