Juma'a Uku Ba Labarin Akuya

Iya, kakarmu ta wajen uba, ba ta ba da tatsuniya a banza. Sai an ɓare mata masara. Da kaka, in an idar da sallar magariba, za ta shimfiɗa tabarma a tsakar gidanmu na Dayi, ta zube mana tulin masara a gaba, ta hura wuta da totuwa. Ni da wana, Yaya Lawal, mu zauna muna murza har yatsunmu su yi ja.

"Duk wanda hannunsa ya tsaya, ni ma bakina zai tsaya," haka take cewa. Sai ta gyara zama, ta ce, "To, ga ta nan ta iso, ku ba ta wuri."

Akwai wadda ta fi yawan maimaitawa, har na gaji da ita. Wai wata mata ce aure ya kai ta gari mai nisa, ta bar wanta a gida. Duk ranar kasuwa sai wan ya aiko hankaka da labari: kaza ta ƙyanƙyashe, rumbu yana yoyo, maƙwabci ya yi cacar baki da surukinsa a kan iyakar gona. Tana tuƙa tuwo tana ji tana dariya. Ran nan hankaka ya sauka a kan danga, ya ce, "An ce a gaishe ki, kowa lafiya." Iyakar saƙon ke nan. Matar ta saki muciya a cikin tukunya, ta yafa zane ta kama hanya. Ta tarar da wanta kwance, maciji ya sare shi a gona. Ta yi jinyarsa har ya miƙe.

Na ce, "Iya, ai ce mata aka yi kowa lafiya."

Ta ɗan make ni da totuwa. "Ke dai kanki da tauri. Mutumin gidanmu ya taɓa cewa ba lafiya? Ko ransa na fita, da sauƙi zai ce miki. Abin da bai faɗa ba za ki saurara."

Iya ta rasu, mun girma. Aikin koyarwa ya kai ni Ilori, Yaya Lawal ya zauna gida yana noma. Duk Juma'a sai ya turo mini saƙon murya a waya, kuma bai iya gajere ba. "Binta, akuyar Inna ta haifi biyu, ɗaya gurgu. Katangar bayan gida ta zube. Tumatir ya yi arha a Funtua har ana rokon mutum ya saya." Ina wanke-wanke ina ji, wani lokaci in yi tsaki in ce wannan bawan Allah da surutu yake. Ban san da surutun nan nake zaune a garinmu ba, alhali jikina yana wani wuri.

Daminar bara saƙonsa ya zo ɗan guntu. "Binta, kowa lafiya. Ɗan zazzaɓi na yi, amma da sauƙi." Wallahi har daɗi na ji da bai ja ni da tsawo ba, don takardun jarrabawa sun yi mini yawa. Juma'a ta biyu ma haka. A ta uku ne, hannuna cikin ruwan wanke-wanke, na farga. Ba akuya, ba katanga, ba kasuwa. Na kira matarsa, Rabi. Ta ce, "Da sauƙi," sai ta fashe da kuka.

Da asuba na shiga mota. Har yau ina jin haushin kaina a kan waɗannan makonni uku.

Na same shi kwance a ɗaki, ya rame har agogonsa na yawo a hannu. Ya dube ni ya ce, "Wa ya ce ki zo? Ai da sauƙi." Da na zauna, sai ya rage murya. "Wata guda ban leƙa ƙofar gida ba. Me ake ciki a gari?"

Ni da isowata ke nan me na sani? Amma na yafa gyale na fita. Na tsaya wurin mai ƙosai, na zauna a injin niƙa, na shiga gidajen da rabona da su tun ina budurwa, ina tsintar labari kamar mai kalar gyaɗa. In dawo in zube masa. Yana kwance ido a rufe, yana murmushi, yana gyara mini sunaye.

Kwana goma sha ɗaya muka yi a haka. Bai ga an kawo masarar bara gida ba, Allah Ya jiƙansa. Da can na ɗauka Iya dabarar gane rashin lafiya take koya mana. Yanzu na gane kewar mai kawo ƙananan labarai take faɗa mana tun kafin ta same mu, kuma ina kewarsa sosai.

A safiyarsa ta ƙarshe na shigo da murnata, na ce, "Yaya, 'yar Malam Sule mai faci ta haihu, namiji."

Ya buɗe ido da ƙyar. "Ba 'yarsa ba ce, jikarsa ce," ya ce. "Binta, kin daɗe a waje da yawa."