Motar Ruwa a Gidan Mai Ɗori

Shekarar da babur ya kayar da ni a hanyar Maiyama na karye a ƙafa, gidan wani tsoho mai ɗori aka kai ni a Aliero. Ciwon bai dame ni kamar zaman banza ba. Ina kwance a zaure, ina jin motocin albasa suna wucewa.

Mijin ƙanwata direban ɗaya daga cikinsu ne. Da ya dawo daga Ikko sai ya zo duba ni da wani kwali da ya saya a gwanjo. A bayansa akwai hoton motar soja ta zamanin yaƙin duniya, tana tsakiyar ruwa da sojoji a ciki. Na buɗe, sai na ga gutsattsarin roba a manne da juna, da takardar zane mai nuna yadda ake haɗa su.

"Yaya, ga abin rage zaman kaɗaici," in ji shi.

Kusa da tabarmata akwai wani Bafulatani daga Kuberi, wanda sa ya karya wa hannu. Ya daɗe yana kallon hoton.

"Malam, wagga mota ta, ko jirgi na?"

Na ce duka biyun. Ya ce ƙarya hwa ba ta da kyau ga majinyaci.

Kullum bayan azahar sai in yanko guntu da reza, in kankare bakinsa, in shafa gam. Shi kuma ya danne mini da lafiyayyen hannunsa har ya kama. Ran da muka kai ga 'yar farfelar da ke ƙarƙashin gindinta, bayan tayoyi, sai ya ce to, ya yarda rabi.

Mai ɗorin kan tsaya a kanmu in ya zo duba ƙafata. "Ashe na samu abokan sana'a," yakan ce, yana dariya.

Da muka gama aka kawo mana daro cike da ruwa. Muka ɗora ta a hankali. Ta karkace, amma ba ta nutse ba. Bafulatanin ya hura mata iska ta tafi har ɗaya bakin, majinyatan zaure suka ɗauki sowa.

Ya riga ni warkewa. Har yanzu in ya kawo shanu kasuwar Jega yakan biyo ta gidana, mu ci tuwo.