Ita Ta Fara

Duk wanda ya san Yaya Ilu ya san aljihunsa na dama. Ba carbi a ciki, ba makulli. Fara ce, soyayyiya, ta sha yaji. Kafin ka gama sallama ya danna maka ɗaya a tafin hannu. "Ci tukuna, sannan mu gaisa." In ka yamutsa fuska sai ya ce, "Kar ka ji tausayinta. Ita ta fara."

Ni na san nufinsa. Tare muka baro ƙasar Damagaram shekarar da fara ta cinye mana gero, ɗan abin da ya rage na dawa kuma burtuntuna ta mayar da shi baƙin gari. Mun binne mutane. Ba na son zancen. Farar da ta ci gonarmu da ita muka yi guzuri. A nan Makka ni dako na yi a Jarwal har bayana ya ƙi. Shi kuwa tire ya kafa a bakin lungu a Aziziyya, alhazan gida na kawo masa busasshiyar fara cikin kayansu.

Kun tuna shekarar da fara ta sauko garin nan, har ta rufe fitilun titi? Muka ruga yi masa barka. Muka tarar ya zauna a kan hannuwansa, yana zufa. Ƙasar Harami ce, ba a farauta. Wata ƙatuwa ta sauka a gwiwarsa tana goge fuska. Ya dube ta ya ce, "Munafuka! Kin san inda za ki yi hijira. In kin isa ki biyo ni Jidda!"

Rigimar ta taso ne da ɗansa Fahad, haifaffen nan, mai aiki a otal. Aurensa ya matso. Ya zo ya ce, "Abuya, aib! Abin kunya ne! Abokaina suna ce mini ɗan Abu Jarad. Don Allah ban da fara a walima."

"Abu Jarad, uban fara ke nan? Ai sun faɗi daidai. Ba don ita ba, da babu wanda zai haife ka. Ba fara, ba ni."

Kuma kun san shi. Ya naɗe sabuwar rigar bikin ya tura ƙarƙashin katifa. Uba da ɗa suka daina gaisawa. Na yi magana, ya ce, "Sale, ci fara ka yi shiru."

Ana haka, bayan alhazai sun sauko daga Mina, wani gajere mai kauri da gashin baki ya tsaya gaban tiren ya kurma ihu, "Cafulin! Cafulin!" Yaya Ilu ya zaci ma'aikacin baladiyya ne, wato hukumar gari, har ya sunkuci tire zai gudu. Mutumin ya damƙi fara ya watsa a baki, ya lumshe ido.

Yaya Ilu ya tambaye shi da Larabci, daga ina?

"Mehiko."

"Mai hiko? To madalla, ni mai fara. Shi hikon ana ci?"

Ba wanda ya gane wani. Na je otal na janyo Fahad, tunda yana jin Turanci. Ya zo yana hura hanci. Ashe Meksiko ce ƙasar, can gefen Amurka, mutumin bai daɗe da musulunta ba. Ya ce su ma fara suke ci, cafulin suke kiranta, da lemun tsami da tafarnuwa da barkono, a naɗe cikin siririyar gurasar masara, har a manyan gidajen abinci.

"A ina?" in ji Yaya Ilu.

"Manyan gidajen abinci, Abuya."

"Kunnena ya tsufa. Ɗaga murya, maƙwabta ma su ji."

Mai Hiko ya ciro waya yana nuna mana abincinsu. Ga ƙwan tururuwa soye da man shanu, Yaya Ilu ya ce, "Kai! Wa ke zama ya jira tururuwa ta yi ƙwai?" Ga wani ganye mai ƙaya da raƙumi ma zai yi shawara kafin ya ci. Ga jajayen tsutsotsi a faranti. "Wannan sai na tambayi malam, kuma ina fatan ya hana."

Sai ga hoton masara ta kumbura ta yi baƙi. Yaya Ilu ya daina dariya.

"Sale, zo ka gani. Burtuntuna."

Fahad ya ce wai soya ta suke da albasa, kuma ta fi masarar daraja.

Yaya Ilu ya ce, "Yanzu abinci muka baro a gona muka gudo?"

Na ce, "Tasu ta masara ce, tamu ta dawa."

"Ko ta mece ce. Kakannin mutumin nan sun ga abin da muka gani. Ƙosasshe ba ya gano wannan." Ya kama Mai Hiko ya cika masa aljihu biyu. Mai Hiko kuma ya matse lemu a kan fara, ya naɗe ta cikin burodin tamis, ya miƙa wa Fahad. Fahad ya riƙe, bai ci ba. Amma na ga ya yi tunani.

Ranar walima Fahad ya yi dabararsa. Aka jera farar a naɗe, ya gaya wa abokansa abincin Meksiko ne. Samari suka bar shinkafa da rago suka far mata. Yaya Ilu ya zo cikin rigarsa duk ta yamutse. Da ya ji abin da ake kiranta, ya miƙe tsakiyar taro.

"Wace Meksiko? Fara ce! Ta Damagaram! Lemun ne kaɗai na Mai Hiko!"

Wani saurayi ya daskare, ƙafar fara na leƙowa daga bakinsa. Fahad kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sai uban amarya, wani tsohon Balarabe, ya tura farantinsa gaba. "Jarad? Da ita kakana ya rayu. A ƙaro."

Bara Yaya Ilu ya rasu. Aka yi masa salla a Harami. A zaman makoki ana zagayawa da dabino da gahawa, sai ga Fahad da tsohon tiren nan, cike da fara, ba burodi, ba naɗi. Ya ajiye a tsakiya. Ya ɗauki ɗaya ya ci, hawaye na zuba. Shi ya fara, muka bi.

Allah Ya jiƙan Yaya Ilu. Ya ga yunwa, bai bar na kusa da shi ya gan ta ba. Ubangiji Ya ciyar da shi abincin Aljanna, Ya sa mu tarar da shi aljihu cike. Amin.