Alkawarin da Lawali ya bari na ɗauka

Shekara goma ke nan cif da rasuwar Lawali, kuma har yau idan na tuna shi addu'a ce ke fara zuwa bakina, haushi ya biyo bayanta. Na san ba haka ake rubuta irin wannan shafi ba. An saba a jero halayen kirki na mamaci, a rufe da fatan rahama. Lawali yana da halayen kirkin, zan kuma faɗe su, amma ya yi mini abin da ban zaci aboki zai yi ba, kuma na gaji da riƙe shi a ciki.

Tare muka taso a Damagaram, tare muka zo karatu Faransa, ɗaki ɗaya muka zauna a Villeurbanne, gefen Lyon. Ba mu da mota, ba mu da mai ara mana. Ran Lahadi 'yan Nijar kan taru a dafa shinkafa a yi ta gardamar siyasa, shi kuwa sai ya baje taswira da takardun lokutan jirgin ƙasa da na bas a kan gado. Shi ya gano cewa mutum zai iya shiga jirgi da safe ya sauka Annecy, ya hau bas ɗin da ke bin gefen tafki, ya sauka a gindin dutse, ya hau da ƙafarsa, ya dawo Lyon ya kwana a gadonsa. Da ya fara jana na ƙi. Na ce mu da muka baro ƙasar da ake tafiyar ƙafa dole, mu zo nan mu sayi tikiti don mu yi ta? Ya yi dariya ya miƙo mini takalmi.

Yana da ɗan littafi da yake rubuta komai a ciki: wane bas ke aiki ran Lahadi, wanne ne sai lokacin zafi, ina ruwa ke fitowa daga dutse a yi alwala, ina falalen da za a shimfiɗa riga a yi azahar, ƙarfe nawa bas ɗin ƙarshe ke wucewa. Idan ya ɗebi sababbin ɗalibai, shi ne kullum a baya, yana tafiya daidai da wanda ya fi kowa haki. Ban taɓa ganin ya bar wani a hanya ba.

Wani hutu muka je gida tare. Ana gobe za mu koma, mahaifiyarsa, wadda ni ma nake kira Inna, ta zaunar da mu a tabarma. Duk wanda ya zauna a Faransa ya san babu abin da iyayenmu ke tsoro kamar a rufe ɗansu a inda ba za su ga kabarinsa ba. Ta kama wuyan hannuna ta ce, "Haruna, kai ne babba. In ta Allah ta kasance a can, ka maido mani shi gida. Kar ka bari a ruhe shi cikin sanyi." Na ce, "Na ɗauka, Inna." Lawali yana gefe yana ɓarar gyaɗa, kansa a ƙasa.

Daga baya aiki ya kai ni Paris, wani rumbun ajiyar kaya a Aubervilliers. Shi kuwa ya auri wata mai suna Rakiya, suka haifi 'ya'ya biyu, ya samu aiki kusa da tafkin Annecy suka koma can. Duk wata nakan shiga jirgi in same shi mu hau dutse. Akwai wani bas da muka fi hawa, wanda ke wucewa ta jikin wata doguwar katanga kafin ya fita gari. Kullum idan mun zo wurin sai ya jingina kai yana kallon taga. Nakan zungure shi in ce tun ba a fara hawa ba har an fara gyangyaɗi.

Ciwon zuciya ne ya ɗauke shi, bai yi mako a asibiti ba. Kafin in bar Paris na kira 'yan uwanmu da suka san hanyar kai gawa gida, na kira Inna na ce mata ta yi haƙuri, ina tafe da shi. Da na isa, Rakiya ta miƙo mini takarda. Rubutunsa ne, da sa hannun shaidu, kuma ya yi shi tun shekara shida kafin ranar. Ya ce a rufe shi a ɓangaren Musulmi na maƙabartar garin. Maƙabartar ita ce bayan waccan katangar.

Shekara shida! A cikinsu mun hau dutse tare fiye da yadda zan iya tunawa. Mun zauna a sama muna kallon ruwa, mun raba burodi da dabino, ya faɗa mini saɓaninsa da shugabansa a wurin aiki, ya faɗa mini abin da ko Rakiya bai faɗa wa ba. Wannan ɗaya ne ya ɓoye, alhali a gaban idonsa na ɗauki alkawarin. Liman ya ce wasiyya ake bi. Na yi masa salla, na zuba ƙasa, na juya ban sake komawa ba.

Sai wayar Inna. "Haruna, ina ɗana?" Na buɗe baki in ce ɗanki ne ya zaɓa, na kasa. Na ce takardu ne suka gagara. Ta ce, "Ni ban san takarda ba. Kai na ba." Ta yi shekara huɗu bayan haka tana amsa gaisuwata a taƙaice, kamar ta baƙo. A unguwarmu na zama wanda aka ba amana ya yi sakaci, na kuwa bar shi a haka, don gara ta ji haushina da ta san ɗanta ya ji roƙonta ya ƙi. Zuwana na ƙarshe kafin ta rasu, ina sa takalmi ta ce, "In ka tahi wurinshi, ka ce mishi na jira."

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Ɗalibai suna da hanyoyi da lokutan bas duk a waya, amma an ce mini har yanzu 'yan Nijar da 'yan Chadi na Lyon suna yawo da kwafin littafinsa, don waya ba ta san inda ake alwala ba. Zai ji daɗin wannan, zai kuma yi mitar takalman da suke hawa da su. Ni kuma na san abin da zai ce mini: 'ya'yansa a nan suke, Rakiya ba ta tuƙi, ya so kabarin da bas ke tsayawa a ƙofarsa. Dalilin ban ƙi shi ba. Da ya faɗa mini, da mun yi faɗa a kan dutse mun shirya kafin mu sauko, da kuma shi zai gaya wa Inna da bakinsa. Shirun ne ya cuce ni. Mutumin da bai taɓa barin kowa a hanya ba ya bar ni da uwarsa.

Hanyoyinsa suna nan, ana bin su, kuma duk wanda ya yi salla a kan falalen nan ina fatan Allah ya kai masa ladan. Saƙon Inna ma yana nan, na yi shekara shida ina riƙe da shi. Bana na shiga jirgi, na hau bas ɗin, na danna ƙararrawar sauka da muka zo katangar. Daga tasha zuwa kabarinsa ko minti uku babu. Na yi masa addu'a, na roƙa masa gafara da zuciya ɗaya. Sannan na tsuguna kusa da kansa na ce, "Lawali, Inna ta ce in gaya maka ta jira."