Ƙofar da Aka Auna da Tebur

Tun yana saurayi Baba Tela yake ɗinki, kuma bai taɓa yanka yadi daidai da awon mutum ba. Sai ya ƙara rarar yatsa biyu. Hujjarsa ita ce yaro yana girma, babba yana ƙiba, kuma rigar da ta yi yawa ana rage ta, wadda ta matse kuwa sai dai a bayar. Masu kawo ɗinki sun san shi da wannan, kamar yadda suka san shi da alli a bayan kunne da yawan tambaya. In ya ga abu, hankalinsa ba ya kwanciya sai ya san yadda aka haɗa shi. Ya taɓa farke sabuwar lema don kawai ya ga ɗinkin cikinta.

Shagonsa ɗakin gaba ne na gidansa: keken ɗinki, benci, da wani ƙaton teburin yanka. Daga shagon akwai ƙofa da ke shiga ɗakin matarsa, wadda kowa ke kira Inna. Ƙofar nan ba ta taɓa samun ƙyaure ba. Labule ne, shi yake ɗinka shi, in ya koɗe ya sake wani.

Da hawan jini ya kwantar da Inna a asibiti, likita ya sallame ta da sharaɗin ta riƙa samun barcin rana, ba hayaniya. Babbar 'yarsu ce ta dawo da ita gida. A gidan ana ce mata Alƙaliya, domin tun tana ƙarama in ta yanke magana ba a ɗaukaka ƙara. Ta tsaya ta dubi labulen, ta dubi keken.

"Baba, ko dai a sa ƙyaure a nan, ko in tafi da Inna gidana."

"Ki tafi da ita ina? Ni kuma da wa zan riƙa yin gardama?"

"Da keken. Zan dawo ƙarshen mako da akwati."

In ban da kwanciyar asibitin nan, shi da Inna ba su taɓa raba rufi ba. Washegari ya zaro tef ɗinsa daga wuya ya auna ƙofar, ya nufi layin masu kayan gini.

A nan ya fara jin abin da bai sani ba. Ashe ƙyauren kanti kamar rigar kanti yake, girmansa a ƙayyade ne: ƙarami, matsakaici, babba. Ƙofarsa kuwa ta fi matsakaicin faɗi, ba ta kai babban ba, ga ta gajeruwa. Shago bayan shago amsar ɗaya ce. Wani mai shago ya sa ya maimaita awon, sannan ya ce, "Baba, wane magini ya yi maka wannan aika-aika?"

"Maginin bai yi laifi ba," in ji Baba Tela. Lokacin da ake ginin, shi ne ya ce a bar ƙofar yadda teburin yanka zai wuce, saboda a ciki yake niyyar ajiye shi. Magini ya jawo teburin ya daidaita bulo da shi. Teburin bai taɓa shiga ɗakin ba, domin Inna ta ce ba za ta kwana da almakashi ba.

Sai ya yi abin da kowane tela zai yi. Ya sayi babban, fari sumul, aka ɗora a amalanke har shagon Kafinta, tsohon abokinsa da ke ƙarshen layi.

"Ga shi," ya ce. "Ka rage tsawon, ka rage faɗin."

Kafinta ya ƙwanƙwasa tsakiyar ƙyauren da ɗan yatsa. Ya yi ƙara kamar ganga.

"Ɗan'uwa, ka ɗauka shadda ce? Wannan ba a rage shi fiye da faɗin yatsa. Cikinsa fanko ne."

"Fanko kamar yaya?"

"Kamar kanka. Ka mayar musu tun bai samu tabo ba."

Da wani ne da ya mayar. Baba Tela ya zagaya ƙyauren, ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya kara kunne. Daga ƙarshe ya ce, "Yanka in gani."

"In na sa zarto ba mai karɓarsa."

"Na ji. Yanka."

Kafinta ya yanke ƙasan. Tsakanin siraran allunan biyu ba komai sai kwali da aka saƙa kamar saƙar zuma. Baba Tela ya tsuguna ya zura yatsa, yana murmushi kamar an yi masa kyauta. "Ikon Allah! Mutane suna kulle kansu da kwali suna barci." Sai da ya miƙe ya tuna da akwatin Alƙaliya, murmushin ya ɗauke.

Kafinta ya ɗauki tef ɗinsa na ƙarfe ya bi shi gida. Ya auna sama, ya auna tsakiya, ya auna ƙasa, ya tarar saman ya ɗan fi ƙasan faɗi. Kuma duka ukun ba wanda ya kai awon da Baba Tela ya riƙa yawo da shi.

"Ka ƙara wani abu a kai?"

"Yatsa biyu mana. Ana awo ba rara?"

"Bango zai yi ƙiba ne?"

Inna da ke kwance a ciki ta yi dariya har da tari.

Kafinta ne ya kai shi filin da ake sayar da kayan gidajen da aka rushe. Tagogi a jingine, baho cike da makullai, ƙyamare jere kamar masu jiran mota. Mai wurin wata dattijuwa ce mai tabarau, wadda ta san asalin kowanne. Wannan na ajin makaranta ne, wancan na ɗakin magani. Baba Tela ya so ya ji labarinsu duka, sai da Kafinta ya ja hannun rigarsa.

Aka samu ɗaya na katako zalla, mai nauyi, shuɗin fentinsa duk ya ɓare. Tsawonsa ya yi yawa, wanda ba damuwa ba ce tunda yana yankuwa. Amma faɗinsa bai kai ba.

"Ya matse," in ji Baba Tela. "Ba shi da magani."

"A sana'arku," in ji Kafinta. "Mu sai mu liƙa masa ɓallin katako a gefe, mu ɗaure da kusa."

"Ashe ku kuna iya sa ƙari!"

"Ƙanena, wannan da ka gani," in ji dattijuwar, "yaran makaranta sun yi shekara da shekaru suna buga shi bai ce uffan ba. Ƙarar kekenka ba za ta ba shi tsoro ba."

Ranar aikin Baba Tela bai ɗinka ko maɓalli ba. Ya zauna yana kallo. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne ganin Kafinta yana kankare gefen ƙyauren har ya ɗan gaza faɗin ƙofar. Ya ce ai an ɓata. Kafinta ya ce katako yana kumbura da damina, in ba a bar masa wurin numfashi ba zai cije. Baba Tela ya juya maganar a ransa. Rara ce dai, sai dai su ragewa suke yi. Ƙyauren kwalin kuwa, an ɗora shi kan jarkoki ya zama teburin guga.

Alƙaliya ta zo da akwatinta kamar yadda ta ce. Ta buɗe ƙyauren ta rufe, ta shafa ƙarin da aka yi masa, sannan ta shiga wurin Inna ta turo shi.

"Baba, taka keken. Da ƙarfi."

Ya taka. Ya ɗinke hannun riga guda, ya kama na biyu. Sai ga ƙyauren ya buɗe.

"Ba laifi," in ji Alƙaliya. "Kamar ƙudan zuma a nesa." Ta sake turowa.

Bai gama sauke numfashi ba ya ji muryar Inna can ƙasa-ƙasa. Alƙaliya ta leƙo. "Wai ka zo."

"Malam, ka tashi daga aiki ne?" in ji Inna.

"Ina kai."

"To ni ban ji ba. Shirun nan irin na asibiti ne, idona ya ƙi rufuwa. A buɗe mini kaɗan."

"Inna, likita fa ya ce..."

"Likita bai yi rayuwarsa a bayan labulen nan ba. Kaɗan na ce."

Baba Tela ya dubi 'yarsa. Ta ɗaga kafaɗa. Ya jawo ƙyauren, ya sa yatsunsa biyu tsakaninsa da bango, ya bar shi a haka. Ya koma kan keke ya ci gaba da takawa a hankali.

Kafin ya kai ƙarshen hannun rigar, Alƙaliya ta fito a kan yatsun ƙafa ta mayar da ƙyauren yadda ya bar shi. Ta ce Inna ta yi barci. Ta ɗauki akwatinta, wanda ba a ko buɗe ba, ta tsaya a bakin shago.

"Kada ka ƙara ko rabin yatsa, Baba."

Ya gyaɗa kai, ƙafarsa ba ta bar keken ba.